Yadda Kawu Ya Zare Hannuna Daga Igiya

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai wani ya riga wani isa. Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina tatata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa na Zangon Kumasi, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun farkon damina. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ban san yawan mutanen Kawu ba sai ranar. Matan Asante masu kawo mana ɗanyen goro daga ƙauye suka zo a jere da jajayen zannuwansu na makoki, suka tsaya a ƙofar gida suna "due, due," wato gaisuwar mutuwa a bakinsu. Babbarsu ta sauke kwandon goro ta ce wannan ba na sayarwa ba ne, nasa ne. Direbobi da makanikai suka taso daga Magazin, unguwar masu gyaran mota, da baƙin mai a hannu, suka tsaya a bakin famfo suna ta gurzar yatsu kafin su yi alwala. Zabarmawa 'yan dako suka zauna can gefe. Sai ga Baba Bazazzagi, abokin wasan Kawu tun suna samari, don shi Kawu asalinsa Bakano ne. Ya dogara sanda ya zo kan makara, ya leƙa, ya ce, "Bakano sarkin wayo! Yau ma sai da ka kwanta ka sa muka ɗauke ka." Mutane suka fashe da dariya ba su shirya ba. Shi kuwa ya juya ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa.

Hannuna bai daɗe da sanin alƙalamin boko ba, kuma furfura ta riga shi zuwa. Amma 'ya'yan da ake haifa a gidan nan yanzu sunan Kawu kawai za su ji. Shi ya sa na zauna ina haɗa baƙi da baƙi a hankali, don kada halinsa ya bi shi cikin ƙasa.

Gidan Kawu masaukin fatake ne. Baƙi sukan zo daga Kano da Sakkwato da Yamai sayen goro, su sauka a wurinmu. Mu ne za mu tsince musu goron, mu shimfiɗa ganyen fita a kwando, mu zuba, mu rufe da buhu, mu ɗaure shi huhu, mu adana a rumfa har motar Arewa ta samu. Goro ba ya son a manta da shi. Dole a riƙa buɗe huhu ana fitar da wanda tsutsar sankara ta ci, a canza ganye, a yayyafa ruwa. In aka bar shi, ƙwara ɗaya sai ta lalata kwando. Baƙon da goronsa ya ruɓe a hannunka kuwa ba zai yi faɗa da kai ba. Zai yi maka sallama da fara'a, baɗi ya sauka a wani gida, ya ja 'yan garinsu.

Allah bai bar wa Kawu ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu. Kowa ya san riƙon baƙi a kaina zai faɗo. Don haka yake kirana Wofase, yadda Asante suke kiran ɗan 'yar'uwa. Yakan ce, "Zaman Kumasi ya mai da ni Ba'asante, ɗan ƙanwata ne zai gaje ni. Amma ba gini ba, Wofase, kada ka yi murna. Gadon wahala."

Duk zamana da Kawu, sau ɗaya tak na ji ya ba da umarni, kuma zan zo kansa. Shi ba ya cewa "yi kaza." Sai dai ya turo maka faifan goro da ƙafa, ya ce, "Duba mini wannan, idonka ya fi nawa." Kafin ka farga ka tsince kwando guda kana jin daɗi. In 'yan dako suna nawa, sai ya tsaya kusa da huhu yana shafa gemu, ya ce kamar da kansa yake magana, "Anya wannan zai ɗagu kuwa? Na ga kamar sai an kira ƙartin tasha." Nan take za ka ga huhu a saman mota. Ko Inna, matarsa, ba ta tsira ba. Da safe sai ya ce, "Ƙamshin kokon maƙwabta yau har cikin masallaci."

Inna ta ce, "Malam, in koko kake so ka ce kana so mana."

"Ni? Labari kawai nake bayarwa."

In aiki ya yi kyau kuwa, a gaban baƙi yake kiran mai shi. "Kun ga ɗaurin nan? Ba nawa ba ne, ga mai shi can yana ɓuya."

Akwai wani baƙo da ya zo daga Arewa, ciwon ido ya kama shi, jarinsa ya ƙare, kunya ta hana shi komawa gida. Ya fara ƙin fitowa cin abinci don kada a ce cima-zaune ne. Kawu ya aika masa da faifai ya ce ma'aikata sun yi kaɗan, ya taimaka. Mutumin nan da ƙyar yake bambance farin goro da ja, amma kullum yana bakin rumfa yana tsinta, yana cin tuwonsa da ƙarfin zuciya. Da sassafe, bayan an fito masallaci, Kawu yakan sake bin kwandon mutumin shi kaɗai, ya mayar yadda ya same shi. Haka suka yi har idon ya warke.

Ni kuwa Allah ya yi ni da nauyin baki. In na ga aiki, ya fi mini sauƙi in yi da in ce a yi. Ni ne tsinta, ni ne shimfiɗa ganye, ni ne jan igiya. Ma'aikatanmu suka saba, har da ƙanen matata, magidanci da iyalinsa. Sai su zauna suna taunar goro suna yaba ƙarfina. Na haura arba'in, kafaɗata ta dama ta fara ciwo, ban gaya wa kowa ba. Kawu yana kan buzunsa yana kallo.

Da yaƙi da jahilci ya iso Zango, ya kira ni. Ya ce, "Wofase, an ce mulki zai dawo hannun baƙar fata, kuma komai da takarda za a yi. Ina sha'awar Turancin nan. Amma dube ni, da wannan gemun zan hau bencin yara? Ka je ka riƙa ɗebo mini."

Na ce, "Kawu, ai bayan la'asar ake yi. Lokacin ɗaure huhu ke nan."

"Ashe? Ka ga ban lura ba. To, sai ka gaya wa su ƙanen matarka abin da za su yi kafin ka fita."

Haka na fara zuwa wata makarantar yara can wajen Manhiya, bayan yaran sun tashi. Mu gemu-gemu, mahauta da teloli da masu gadi, muna cusa gwiwoyi ƙarƙashin ƙananan tebura. Muka fara da baƙaƙen Hausa, waɗanda suka jure muka wuce Turanci. Malaminmu, Ticha muke ce masa, Bafante ne, mutumin can bakin teku, tsohon ɗan sanda. Hausarsa ta bariki ce, ba mace ba namiji, kowa "shi" ne, amma mutum ne mai haƙuri. Umarnin da nake barin wa ma'aikata kuwa, a bakin ƙofa nake faɗarsa ƙasa-ƙasa ina kallon takalmina. In na dawo sai in tuɓe riga in gyara abin da suka yi. Bayan magariba in zauna gaban Kawu in juye masa abin da na ɗebo. Ba na kai rabi yake gyangyaɗi. Duk shekarun nan abin da ya riƙe shi ne "gud moni," kuma da rana tsaka ko da almuru duk ɗaya ne a wurinsa.

Can da muka yi nisa, wata rana Ticha ya rubuta kalmomi huɗu a allo: make, let, have, get. Ya ce yau za mu koyi yadda ake faɗin aikin da ba kai ka yi da hannunka ba, wani ka sa. Ya ce na farko na mai tilastawa ne, na biyu na mai ƙyalewa, na uku na wanda ya miƙa aiki ga mai aikin, na huɗu na wanda ya lallaba mutum har ya yi. Kowa ya kawo misali daga sana'arsa, kuma ya zama gaskiya.

Mahauci ya miƙe ya ce ya tilasta wa wani sa ya kwanta. Tela ya ce ya ƙyale mai riga ya zage shi. Aka zo kaina. Na ce, "I tie the kola."

Ticha ya ce, "A'a, Malam. Wannan kai ya ɗaure. Kawo wanda wani ya ɗaure."

Na yi tunani, na ce, "He tie, I tie again."

Aji ya kaure da dariya. Mahaucin nan har da buga tebur, yana cewa, "Wallahi gaskiya ya faɗa, na gani da idona!" Ticha ya dafa allo ya ce, "Malam, kai ba shi da mutane a gida? Kullum kai, kai, kai."

Kalmomin ba su gagare ni ba, na haddace su tun ranar. Misalin ne babu. Na duba rayuwata sama da ƙasa ban ga aikin da na sa aka yi na bar shi haka ba, kuma ban ga dalilin da zan je in koyi ƙarya da harshen wasu ba. Duk ranar da Ticha ya waiwayo ni sai in ce ban samo ba tukuna.

Daren da na kawo wa Kawu wannan darasi, shi ne karo na farko da bai yi gyangyaɗi ba. Ya gyara zama ya ce in sake faɗi. Na sake. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe Nasara ma sun san da wannan. To ni wanne ne?"

Inna ta amsa daga tsakar gida, "Na huɗun! Mai lallaba mutane, ɗan duniya."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Kai fa, Wofase?" Kafin in amsa ya ce, "Kai ba ka cikin allon."

Ba a daɗe ba muka yi saɓanin da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na dawo daga aji na tarar ƙanen matata ya ɗaure huhun wani Basakkwace, igiyar ta yi sako-sako. Baƙi suna zaune. Na kwance, na sake ɗaurewa tamau. Ina miƙewa sai na ga Kawu a kaina da wuƙarsa ta yankan igiya. Ya sa ta ya datse ɗaurin nawa. Ya ce, da murya irin wadda ban san yana da ita ba, "Mai da hannunka baya!"

Na mai da hannuna baya kamar ɗan makaranta, ni da 'ya'yana har sun isa aure. Ya kira ƙanen matata ya miƙa masa sabuwar igiya. Ya ce da ni, "Gaya masa da baki." Na tsaya gumi yana zuba, ina cewa ja nan, zagayo can, yatsuna suna motsi a bayana. Aka ɗaure. Na wuce ɗaki ban ci tuwo ba, na kuma daina zuwa aji. Har yau ina nan a kan bakana, ɗaurin farko bai yi ba. Shi ma Kawu bai musa ba. Da muka shirya ya ce, "Na san naka ya fi kyau. Amma hannunka biyu ne, kuma na ga yadda kake ɗaga na daman. Ranar da suka ƙi, baƙin nan wa zai riƙe su?"

Yadda ya mai da ni aji kuwa, bai ce in koma ba. Ran nan bayan la'asar ya sa babbar rigarsa, ya ɗauki littafina ya maƙale a hammata, ya kama hanyar Manhiya yana dogara sanda yana tari. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Makaranta za ni. Mai ɗebo mini ya gaji." Kafin ya kai bakin kwata labari ya iso mini ta baki uku. Na bi shi da gudu na karɓe littafin. Ya ce, "To, tunda ka matsa."

Yanzu in koma kan makoki. Washegarin jana'iza ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, Liman a damana, ina karɓar gaisuwa. Ni ne babban namiji a gidan, ba ni da halin tashi har a yi sadakar uku. Sai iska ta kaɗo daga rumfa, na ji warin da duk mai goro ya sani. Tun da ciwon Kawu ya tsananta ina gefen gadonsa, ba wanda ya buɗe huhu ko ɗaya, don ba wanda ya saba buɗewa in ba ni ba. Ga zafi, ga laimar damina. In aka jira kwanakin makoki suka cika, rabin kayan baƙi ya tafi. Baƙin ba su ce komai ba, kunyar mutuwa ta hana su, amma idanunsu suna kan rumfa. Na kuma hangi Basakkwacen nan a gefe, wani mai masauki da ya zo gaisuwa yana yi masa magana a kunne.

Na ce da Liman zan zagaya. Na shiga gida ina naɗe hannun riga. Zan wuce ƙofar ɗakin Inna, tana ciki tana takaba, sai na ji muryarta ta bayan labule.

"Ina za ka?"

"Rumfa, Inna. Goron baƙi zai lalace."

"Kai kaɗai, da kafaɗar nan, mutane kuma su gaisa da tabarma? Tsaya in tambaye ka. Kana tsammani Kawunka Turanci yake so? Mutumin da yake gud moni da magariba?" Na ji tana jan hanci. "Cewa ya yi in bai raba ka da rumfar nan da la'asar ba, har ya mutu ba za ka buɗe baki ba. To ga shi ya mutu. Koma ka zauna."

Na warware hannun rigata na koma kan tabarma. Na daɗe ina kallon jama'a. Ma'aikatanmu duk suna nan cikin masu makoki. Na kira ƙanen matata, na ce a hankali ya fito da huhu ɗaya da faya-fayai. Ya dube ni, ya dubi Liman, ya tafi. Da aka dire huhu a tsakiyar masu gaisuwa aka kwance, sai gunaguni ya tashi. Na ji wani yana cewa, "Aiki a zaman makoki? Ko kabarin bai bushe ba."

Bakina ya yi nauyi kamar kullum. Na cika faifai, na tura shi gaban Baba Bazazzagi. Na ce, "Baba, duba mini wannan. Idonka ya fi nawa."

Ya dubi faifan, ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya ce, "La'ilaha illallahu. Jama'a, an cuce mu, Bakanon nan bai mutu ba! Ni da na zo cin shinkafar sadaka?" Ya ja faifan kan cinyarsa, ya ɗauki ƙwara ɗaya ya juya ta, ya jefar gefe. "Sankara. Kawo wani, kai kuma kada ka tsaya kallona."

Liman ya gyara rawani ya ce, "Kayan nan amana ce a wuyan mamaci. Wanda ya taya shi sauke ta ya yi masa abin da ya fi zama shiru. A ba ni nawa." Daga nan ban san yadda aka yi ba. Zabarmawa suka miƙe suna fito da huhuna. Matan Asante suka ɗaura zannuwa a ƙugu suka karɓi aikin ganye, suna faɗa wa mazan Zango cewa ba su iya shimfiɗa ba. Makanikai suka sake wanke hannu suka zauna. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya yi addu'a, a shafa, a miƙa masa faifai. Mai masaukin nan da ke raɗa ma sai da Baba Bazazzagi ya tura masa nasa, ya ce, "Tunda bakinka ba ya gajiya, bari mu ga hannunka."

Ni kuwa ina kan tabarma, hannuwana a cikin riga. Ƙanen matata ne yake ɗauri. Ya zo kan huhun Basakkwacen, na ga igiyar ta ɗan saki ta gefe guda. Yatsuna suka motsa. Na ce, "Ƙara ja ta hagu." Ya ƙara ja. Na ce, yadda kowa zai ji, "Alhaji, ka ga ɗaurin nan? Ga mai shi nan." Kafin kiran magariba an mai da komai rumfa, abin da aka zubar bai taka kara ya karya ba. Da Basakkwacen zai shiga masallaci ya tsaya ya sake yi mini gaisuwa, ya ce, "Ɗakin nan nawa na kusa da rijiya, baɗi kada a ba wani."

Bayan sadakar arba'in na koma aji. Ticha ya yi mini gaisuwa ya ce, "Kawunka shi mutum mai kyau." Sun riga sun wuce wancan darasi da nisa, suna kan wani abu daban. Na ɗaga hannu na ce na samo misalina. Mahauci ya ce, "Sai yanzu? Ai har san nawa an cinye shi." Ticha ya miƙo mini alli. Na je allo na rubuta a hankali: I had the kola tied.

Ticha ya ce, "Wa ya ɗaure?"

Na ce, "Jama'a."

"Kai fa?"

"Ina zaune."

Bai goge ba har muka tashi.

Ya Allah, ga Kawu nan ya zo gare Ka. Ka san shi, bai iya roƙo kai tsaye ba, don haka mu muke roƙa masa. Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sauke masa duk wata amana kamar yadda aka sauke ta rumfa, Ka ba Inna haƙuri. Kai kuma mai karanta wannan, ban ce ka yi komai ba. Kawu dai mutum ne mai son a karanta masa Ƙulhuwallahu. Labari kawai nake bayarwa.